Ranar da Baba Momade Ya Ƙi Sauka

Cikin shekarun da na yi a ofishin tarbar ɗaliban ƙasashen waje a nan Bukit Jalil, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda jirgin ƙasa ya tafi mini da baƙo ina tsaye ina kallo. Ku sababbin ma'aikata kun sha jin ana tsokanata da ita a wajen shan shayi, to gara ku ji daga bakina kafin a ƙara mata gishiri.

Lokacin ina mataimakin jami'in tarba, a shekarata ta uku. Aikin dai shi ne wanda kuke yi yanzu: ka ɗauko ɗalibi daga filin jirgi, ka kai shi masauki, ka nuna masa hanyar makaranta da ta asibiti, idan iyayensa sun zo su ma suna wuyanka. Shugabar sashenmu ita ce Puan Rosnah, 'yar ƙasar nan, mace mai kirki amma ba a yi mata musu. A shekarar ɗaliban Mozambik suka yi yawa, iyayensu kuwa yawanci ba sa jin Turanci. Rannan ta leƙo ta ce, "Sabi'u, kai za ka koyi Fotugis. Boleh?" Na ce boleh, wato zan iya, alhali ko gaisuwa ban iya ba.

Wadda ta koya mini ita ce Malama Zaituna, 'yar arewacin Mozambik da ke digiri na uku a jami'armu. Ta ce tunda aikina na hanya ne, a hanya zan koya. Ranar Asabar sai mu hau LRT, jirgin ƙasan cikin gari, ita da maigidanta da ni, tana nunawa tana faɗa ina maimaitawa kamar ɗan firamare. Tikiti bilhete, jirgin ƙasa comboio, sauka desce, jira espera. Ta ba ni labarin chapa, ƙananan bas ɗin da suke hawa a can, inda fasinja ke cewa "paragem" idan ya iso wurin saukarsa, kwandasta ya buga jikin mota, direba ya taka birki. Na ce ai mu ma a Kano haka muke. Ta sha dariyar bakina sosai, musamman wajen comboio, amma ba ta taɓa gajiya da ni ba.

Wata Talata cikin Nuwamba, lokacin da ruwan garin nan ba ya sallama, aka ba ni baƙo. Wani ɗalibinmu mai suna Ussene ya yi haɗarin babur, ƙashin bayansa ya taɓu, likitoci suka sa za su yi masa aiki da la'asar ɗin ranar. Ba su ɓoye mana ba, aikin mai haɗari ne. Ussene ya roƙi abu guda, ya ga mahaifinsa kafin a shiga da shi. Mahaifin, Baba Momade, ya sauka da safiyar ranar. Dattijo ne siriri mai farin gemu, manomi, bai taɓa barin ƙasarsu ba. Na kai shi masauki ya yi wanka ya yi sallah, muka bar wayarsa tana caji don ta mutu tun a jirgi. Puan Rosnah da Malama Zaituna suna can asibiti wajen mara lafiya.

Da za mu fita ruwa ya ɓalle. Titi ya cushe, duk direban da na kira a waya sai ya karɓa ya soke. Na ce to jirgi ya fi, mu sauka a Masjid Jamek mu sauya layi. Ƙa'idar ofis kun san ta: idan ka rabu da baƙo a jirgi, shi ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya, kai ka biyo shi. Na haɗa 'yan kalmomina na faɗa masa, ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar dattijon da ba ya son ya kunyata ka.

Jirgin ya cika maƙil. Wani saurayi ya tashi ya ba Baba kujera, ni na tsaya a gabansa. Yana zama ya miƙo hannu ya zare jakata daga kafaɗata ya ɗora a cinyarsa. Na ce ya bari, ya ƙi. Ba komai a ciki sai lema da ragowar gurasar roti da na yi tapau, wato aka ƙunshe mini, da safe, saboda haka na ƙyale shi.

A Masjid Jamek na ce, "Baba, desce." Kafin in rufe baki jama'a sun turo ni waje. Na waiwaya na hango shi ya miƙe, ya ja baya ya ba wata mai goyo hanya, sannan ya ɗaga murya ya ce "paragem", ya buga jikin jirgin sau biyu da tafin hannu. Ƙofa ta rufe. Ina ganinsa ta gilashi yana jiran a tsaya masa, jirgi ya ja.

Mutum ba waya, ba Turanci, bai san sunan asibitin ba, ɗansa kuma yana kwance yana kallon ƙofa. Na hau jirgi na gaba na sauka a Bandaraya kamar yadda ƙa'ida ta ce, na zaga ko'ina har banɗaki, babu shi.

Na kira Puan Rosnah ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Tsaya inda kake, zan nemi ma'aikatan jirgi, zan kuma roƙi likita. Ga Zaituna."

Malama Zaituna ta karɓi wayar ta ce, "Malam Sabi'u, me yake riƙe da shi?"

Na ce, "Jakata."

Ta ce, "Shi ya karɓa da kansa?"

Na ce eh.

Ta ce, "To daina duba tashoshi, ba zai sauka ba. A wajen dattawanmu, idan kana zaune ka karɓi kayan na tsaye, ba ka barin motar sai ka mayar masa a hannu. Gani yake za ka biyo motar ka karɓa. Wuce ƙarshen layi kai tsaye."

Na ce, "Malama, jakar fa lema ce a ciki."

Ta ce, "Shi bai buɗe ba, ba kuma zai buɗe ba. Yi sauri."

Ƙarshen layin shi ne Sentul Timur. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa jin jirgi na jan ƙafa kamar rannan ba. Tsorona shi ne kada ya zauna a ciki jirgin ya juyo da shi mu yi saɓani. Ashe Puan Rosnah ta riga ta sami ma'aikatan tashar, ta kwatanta musu shi.

Ina fita na gan shi a kan benci, jakata a cinyarsa, ya dafe ta da hannu biyu. Wata ma'aikaciyar tasha tana tsaye kusa da shi da gorar ruwa. Ta ce mini da ƙyar suka lallaɓa shi ya fito, kuma ya ƙi yarda kowa ya taɓa jakar, ya ƙi matsawa daga saitin ƙofar da ya fito. Da ya gan ni bai nuna ɓacin rai ba. Ya miƙe, ya rataya mini jakar a kafaɗa, ya gyara igiyar, ya dafa ni. Ni da na zo ba shi haƙuri sai kawai na shige gaba muka sauka.

A ƙasa muka tarar da Puan Rosnah da motarta, ta baro asibiti cikin ruwan nan ta zo da kanta. Ta ce likita ya yarda ya ɗan jinkirta, amma kaɗan. Yadda ta yi tuƙi rannan ban taɓa ba kowa labari ba, kuma yau ma ba zan bayar ba.

Mun iske an riga an turo gadon Ussene zuwa ƙofar ɗakin tiyata. Ma'aikatan jinya suka tsaya. Baba ya ɗora hannu a goshin ɗansa ya yi masa addu'a a hankali, Ussene yana hawaye. Sai dattijon ya faɗi wata magana yana nuna ni, mara lafiya ya yi dariya har ta sa shi runtse ido don zafi. Da aka shige da shi na tambayi Malama Zaituna me Baba ya ce.

Ta ce, "Cewa ya yi, ka yi haƙuri na makara. Mutumin nan ne ya ɓata a hanya, sai da na zauna na jira shi."

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ussene ya daɗe yana dogara sanda, amma ya gama karatunsa da ƙafarsa. Har yau ina yi wa matan nan biyu addu'a, da ma'aikaciyar tashar da ko sunanta ban tambaya ba.

Abin da zan ce muku shi ne ku koyi kalmomin, suna da amfani. Amma kafin ku sa baƙo a mota ko jirgi, ku nemi wani ɗan ƙasarsu ku tambaye shi yadda ake tafiya a can, wa ke tsayar da mota, wa ke riƙe wa wa kaya. Kuma kada ku ɗauka ku kaɗai ne masu riƙon amana a tafiyar. Ni a takardar ofis an rubuta cewa Baba Momade yana hannuna, shi kuwa tun daga Bukit Jalil ya ɗauka ni ne a hannunsa, kuma shi bai sake ni ba.