Falle Biyun da Na Cire a Hagu

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, amma ranar da tirelarmu ta kwanta a bakin kogi da shinkafar marayu a cikinta, wannan kam tana raina har in koma ga Allah.

Ba irin tirelar manyan motoci ba ce. 'Yar ƙarama ce mai taya biyu, irin wadda sojoji ke ja a bayan mota su shiga daji. Yayana ne ya saye ta a gwanjo tun ina saurayi, muke ɗaura ta a bayan a-kori-kurarmu muna kwaso amfani daga fadamarmu ta wajen Achika zuwa gida a Wudil. Shi ne mai gyaranta, ni direba. Mutum ne marar magana, sai mu je mu dawo bai ce komai ba in ban da "a hankali." A lokacin haushi shirun nan yake ba ni. Sai da ya rasu na san shirun mutum biyu daban yake da na mutum ɗaya.

Da bazara ya rasu, ya bar mata da yara huɗu da gonar da muke nomawa tare. Na yi damina ni kaɗai. Da kaka ta matso sai na janyo tirelar daga ƙarƙashin darbejiya na ce zan sabunta ta. Gaskiyar magana ba wani lalacewa ta yi ba. Hannuna ne yake neman abin yi da la'asar, lokacin da muka saba zama ni da shi a ƙofar gida.

Na kwance ta kaf. Wani bakanike ya leƙo ya ce, "Malam, jefar da aksul ɗin sojan nan, ya cika nauyi. Sa na ƙaramar mota ka haɗa da shokazoba, ka ji laushi kamar katifa." Na ƙi. Aksul shi ne ƙarfen da ke riƙe da tayoyin biyu, na soja kuwa yana da faɗi da tsayi, cikinsa ba ya shafar yashi a hanyar gona. A nan na yi daidai, kuma wannan daidan ne ya kumbura min kai.

Sai na zo kan sifirin, dogayen ƙarafan nan da ake jerawa falle kan falle su ɗauki nauyin kaya. Na ƙirga na dama, biyar. Na ƙirga na hagu, bakwai. Biyun ƙarin ma da gani yankan hannu ne. Na yi dariya ni kaɗai na ce, "Kai Yaya, aikin ƙauye!" Ni fa na yi shekara biyu a makarantar koyon sana'a, da tef ɗina na awo a aljihu, ba a gaya min. Na cire biyun, na bi ta wurin wani tsohon maƙeri tunda da irin ƙarfen suke ƙira. Ban same shi ba, na ajiye a bakin maƙera na yi gaba. Na shafa wa tirela koren fenti, ta tsaya sak, ba karkacewar nan da na saba gani ina zaton tsufa ne. Na juya in nuna wa wani, babu kowa.

Ranar wata Juma'a da hantsi maƙwabtan gona suka taya ni ɗora buhu takwas, suka hau baburansu suka nufi kasuwa. Na kamo hanya. Akwai wani wuri da hanyar ke bin gaɓar kogi, a kwance take ta wajen ruwa. A nan Yaya kullum yake sauka ya bi gefe da ƙafa yana kallon taya. Na shiga wurin a giya ɗaya kamar yadda na saba. A madubi na hango tirelar tana sunkuyawa hagu, tana ƙara sunkuyawa, har jikinta ya danne taya. Wallahi bakina ya buɗe na ce, "Yaya, sauka ka duba!" Kujerar babu kowa. Kafin in taka birki ta kife. Allah ya taimake ni ƙugiyar da ke haɗa ta da mota irin ta sojoji ce, juyawa take, da har motar za ta ja.

Na fito na ɗaga murya ina neman taimako. Kowa yana kasuwa. Ni kaɗai na shiga ruwa har ƙugu, na janyo buhu biyar ɗaya bayan ɗaya. Uku sun fashe, ina kallo ruwa yana tafiya da abincin yaran ɗan'uwana. Na zauna a kan jiƙaƙƙen buhu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Washegari na koma wurin maƙerin. Bayan mun gaisa ya ƙara yi min ta'aziyya, na ba shi labari. Ya kalle ni ya ce, "Ɗana, ƙarfen nan ni na yanka wa yayanka. Shi ma a wurin ya taɓa kayar da ita, kana makaranta. Ya ce kuna tafiya ba kaya, kuna dawowa da kaya kogi na hagunku, duk nauyin can yake kwanciya. Shi ya sa ya ƙara wa hagun ƙarfi."

Na ce, "To Baba, me ya hana shi gaya min?"

Ya ce, "Ka taɓa tambayarsa?"

Ban taɓa ba. Shekara ashirin ina tuƙi Yaya yana gefena.

Ya shiga ciki ya fito da falle ɗaya. Ɗayan ya riga ya ƙera fartanya da shi, don ya zaci tirelar ta mutu tare da mai ita. Ya yanka min wani, ya miƙo min fartanyar ya ce, "Riƙe, taku ce."

Buhu ukun daga rabona na cire, matar Yaya ba ta san ruwa ya ci komai ba sai daga baya. Tirelar tana nan har yau, bakwai a hagu, biyar a dama. In ba kaya a karkace take tsayawa, masu wucewa suna yi min tsiya wai ban iya awo ba, ni kuwa ba na tanka musu. In na zo wurin nan nakan tsaya in sauka in duba taya da kaina, in ce wa kaina, "A hankali."

Abin da na koya shi ne, in ka tarar da abu a karkace a hannun wanda ya riga ka, tambayi dalili kafin ka miƙe shi. Kuma ka tambaya tun yana zaune a gefenka.