Kwarin da Na Cike

Ni ne da laifi, gara in fara da wannan. Ranar da na cike kwarin ɗaliban nan ba ta taɓa fita raina ba, shi ya sa nake ba ku labarin, ku da kuka shigo aikin kula da fili a bayanmu.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, ban daɗe da tsallako teku daga Maraɗi ba. Wani kamfani ya ɗauke ni, ya ajiye ni a wasu gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi a East Greensboro. Aikina yanke ciyawa da share magudanar ruwa. Mai gidana Mista Reggie, shi ke zagayowa da mota yana duba aikin.

Sai wasu ɗaliban jami'ar unguwar suka zo da izinin masu gidajen. Jagorarsu Hadiza, 'yar Zariya mai karatun injiniya, kuma da wannan aikin za ta kammala digirinta. Suka haƙa kwari mara zurfi a bayan filin ajiye motoci, suka dasa dogayen ciyayi a ciki. Ɗaliban zane kuma suka yi benci, suka manna masa fasassun tayil masu launi.

Na ce mata, "'Yar Najeriya, kin tsallako teku don ki shuka ciyawa? A garinmu noma ta ake yi."

Ta yi dariya ta ce, "Baba Isuhu, ba gonar gero ba ce. Ruwan da ke gangarowa daga kwalta nan zai tsaya, ƙasa ta shanye shi. A unguwar masu kuɗi an yi musu hanyar ruwa, a nan kuwa ɗakin mutane yake shiga."

Na ji ta sarai, amma na raina maganar. A ganina filin da ciyawa ta yi tsawo shaidar raggon ma'aikaci ne, kuma kwarin yana hana injina na yankan ciyawa wucewa. Da suka tafi hutu, na tumɓuke ciyayin, na zuba ƙasa na baje wurin. Har daɗi na ji da na ga ya yi sumul.

Hadiza ta dawo ta tarar babu kwarin. Mista Reggie ya iso yana huci, ya tambaye ta ko za ta kai ƙara. A ƙa'idar kamfanin, in ƙarar ɓarna ta kai ofis, kora ce, ni kuwa iyalina sun iso ke nan. Ta ce masa, "A'a. Mu ne ba mu kewaye wurin ba." Ta san ba haka ba ne. Ni kuma na sunkuyar da kai, na bar ta ta ɗauki laifin.

Ba a daɗe ba aka yi ruwa mai ƙarfi. Ya bi ta kan filin da na baje ya shiga ɗakin wata tsohuwa, Mama Lucille, da ke zaune a ƙasan bene. Ni aka tura in taya ta fitar da kafet. Tana tsaye da sandarta ta ce, "Yaran nan sun ce mini bana ba zai shigo ba." Ba ta san wanda take faɗa wa ba.

Malaman Hadiza suka ɗage mata kammalawa zuwa zango na gaba. Duk da haka ita ta zo ta same ni ta ce, "Baba, kai ka iya shebur. Za ka taya mu?"

A nan na gane cewa mai kula da fili mutanen da ke zaune a wurin yake yi wa aiki, ba kyan ciyawa ba. Kuma har gobe ina gode wa yarinyar da ta rufa mini asiri alhali ni na ɓata mata karatu.

Ran Asabar muka sake haƙa kwarin. Da sauran ɗaliban suka zauna a bencin suna shan ruwa, na ajiye shebur na je gabanta. Na ce, "Hadiza, ba rashin shinge ba ne. Na san abin da nake yi ranar nan, girman kai ne ya sa ni. Na cuce ki, na cuci tsohuwar nan. Ki yafe mini don Allah."