Iskar Littafi da Iskar Shagon Baba

Mahaifina mai gyaran firji ne. Shagonsa a Gyadi-Gyadi yake, ɗan ƙarami, tsakanin wani tela da wata mata 'yar Kudancin Kaduna mai sayar da zoɓo da kunun aya. Gidanmu kuwa yana Tarauni. Idan na taso daga jami'a, nakan sauka daga adaidaita a bakin shagon, in zauna a kan wata matacciyar firiza ina kallonsa, sai bayan la'asar mu taka zuwa gida tare.

A shekarata ta biyu aka koya mana halin iskar gas. Malaminmu ya ce akwai wata iska da a littafi kawai ake samunta, ƙwayoyinta ba ruwansu da juna, ko an sake ta ta bazu zafinta ba ya canjawa. Iskar gaske kuwa ƙwayoyinta suna jan juna. Idan aka matse ta, aka tura ta ta ƙaramar kafa, sai sun ci daga ƙarfin da ke cikinsu kafin su iya rabuwa, shi ya sa take hucewa.

Ranar na zo da ɗoki, na tarar da Baba a tsugune bayan firjin mai zoɓo. Na zayyana masa komai. Bai ɗago ba sai da na kai aya.

Ya ce, "Kawo hannunki."

Ya ɗora yatsana a kan bututun da ya fito daga injin, na fizge saboda zafi. Sannan ya buɗe firjin ya kai hannun nawa inda siririn bututun jan ƙarfe ya ƙare. Ƙanƙara ta fara kama wurin.

"Tun kafin a haife ki nake jin wannan da hannuna, ban taɓa sanin dalili ba. Amma malaminku ya gaya muku cewa abin da ke bin siririn nan ruwa ne? Sai ya fita yake komawa iska."

Ban sani ba. Na sunkuyar da kai. Shi kuwa ko a jikinsa, ya goge hannu da tsumma ya ce in rubuta masa bayanin yadda zai gane.

Baba bai yi boko ba, ajami yake karantawa. Sati uku na yi ina fama, domin rabin kalmomin ban san su da Hausa ba, ajamina kuma na makarantar allo ne da na daɗe da bari. Da na kai masa shafi biyu, ya sa tabarau ya karanta a bayyane, tela da mai zoɓo suna saurare. Ya tsaya sau biyu ya gyara mini rubutu.

Mai zoɓo ta ce, "Malam, yanzu wane ne malamin wani?"

Ya yi dariya har ya cire tabarau.

Bayan na gama karatu aka tura ni koyarwa wata jiha. Idon Baba ya yi rauni, ya rufe shagon ya zauna a gida. Idan na bugo waya, kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambayi abin da na koyar a ranar. Nakan taƙaita masa, don kullum ina sauri. Da damina ta biyu ya rasu, ina kan hanyar zuwa.

Watanni bayan haka ina shirya darasi, na ci karo da abin da na manta ban taɓa gaya masa ba: akwai iskar da idan aka sake ta haka, ɗumi take yi maimakon sanyi. Na san da zai musa, ya ce sai ya taɓa da hannunsa. Har na ɗauki waya na nemo lambarsa kafin na tuna. Na daɗe zaune a ofishin malamai, sai da aka kaɗa ƙararrawa na tashi na shiga aji.