Ramar Karen Banda

Lokacin muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, ina bandar kifi a wata tunga kusa da Ngaski. Ina da wani jan kare, shi ke gadin banda saboda muzurai da karnukan gari.

Wata shekara, bayan ruwa ya ja baya, sai karen ya fara rama har haƙarƙarinsa suka fito. Abin da ya ɗaure mini kai, kullum mai ɗakina tana zuba masa tuwo da kawunan kifi a kasko, kuma in na dawo daga ajin yaƙi da jahilci da la'asar sai in tarar da kaskon fes. Na zaci tsutsar ciki ce, na jiƙa masa maɗaci. Bai yi amfani ba.

Da ya fara dalalar da miyau, yayana ya same ni.

"Hauka ce za ta kama shi. Kai shi daji tun bai ciji wani ba."

"Yaya, shina shan ruwa, shina kaɗa mini wutsiya. Zan ɗaure shi, amma ba ni kashe shi ban san mi ke damun shi ba."

Washegari ban je aji ba. Na zauna nesa ina kallon kaskon. Ya ɗauki loma, ya girgiza kai, ya zubar, ya koma ya kwanta. Nan take agwagin mai ɗakina suka taru suka share abincin. Ashe su muke ciyarwa.

A wurinmu ba a taɓa bakin kare, shi ya sa babu wanda ya leƙa ciki. Na naɗe shi da tsohuwar raga, na gitta masa kara a baki.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, da hannun da kake cin tuwo?"

"Ruwa bai ƙare a tafki ba. Miƙo awartaki."

Ƙayar kifin kurungu ce ta kafe a ganɗarsa, tsakanin haƙoran ciki, wurin ya kumbura yana wari. Ta sha suɓuce mini, karen yana gurnani, ina sake kamawa, har ta fito. Na gangara bakin ruwa na wanke hannu da ƙasa.

Kunu ya yi ta lasa kafin ya koma tuwo. Ranar da yayana ya ga ya murmure, agwagin ya duba, ya ce, "To, yanzu waɗannan ne suka rame. Su ma za ka leƙa bakinsu?"