Me-ya-sa da Sunayen Majinyata

Tun tana ƙarama ake kiranta Me-ya-sa. Ko alewa ka miƙa mata sai ta jujjuya ta, ta dubi ƙwayar idonka, kafin ta kai baki. Mahaifiyarta ta yi faɗa har ta gaji. Da ta girma sai ta samu aikin kula da rumbun bayanai na wani asibiti, a wani ɗaki mai sanyi ƙarƙashin bene, daga ita sai babbar kwamfutar da ke gurnani a kusurwa.

Kwamfutar tana rubuta duk umarnin da aka aiko mata, amma a gurbin sunan majinyaci ko sakamakon gwajinsa, alamar tambaya take sakawa. Haka Me-ya-sa ta tarar, haka kuma ta bari.

Wata safiya manaja ya sauko da kansa, mutumin da bai taɓa leƙa ɗakin ba. Ya ce manhajar asibitin tana nauyi, don haka a sa kwamfutar ta riƙa rubuta ainihin abin da ke cikin guraben, a tura masa.

"Ranka ya daɗe, a wane sashe take nauyin?"

"Ɗakin gwaji."

"Ai ba su kawo kuka ba."

"To ni na kawo. Ke komai sai an yi shari'a?"

Ta lura sai murza makullin mota yake, bai ko kalli allon ba. Nan ta tuna jiya ta ga mijin 'yarsa a layin gwajin jini, kai a sunkuye. Wataƙila babu abin da ya haɗa su. Amma hankalinta ya ƙi kwanciya.

Ta binciki nauyin ba tare da ta buɗe sunan kowa ba, ta samu inda ake ɗan jan ƙafa, ta gyara. Sannan ta hau sama ta shaida masa: in har yanzu yana son sunayen, to a je gaban babban likita tare. Manaja ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce a bar maganar.

Tun daga ranar yake amsa gaisuwarta da kai kawai. Da ta ba mijinta labari, ya ce, "Ƙila fa bawan Allah aikinsa kawai yake yi."

"Ƙila," in ji ta.

Washegari ta canza kalmar sirrin kwamfutar, ta karɓe makullin ɗakin da ke rataye a ofishin manaja, ta ce za a sake kwaɗo.