Sunan Habu a Cikin Kaset

Ƙarfe shida saura kwata na safe na bar Bebeji, a daminar 1996. Inna da Ladidi, matar ƙanena Habu da ya rasu a hatsarin mota, su suka rako ni zaure. A jakata akwai na'urar wasan talabijin da Habu yake ba yara haya, da wani kaset na wasan da ke riƙe da sunansa, daidai inda ya tsaya da wasan. Ladidi kan kunna don ta ga sunan kawai. Sai aka ce mana batirin cikin kaset ɗin ya kusa mutuwa. Shi ya sa na fita neman mai gyara.

"Yaya, kada ka dawo mini da shi babu sunan," in ji ta.

Kafin Maiyaki. Direban a-kori-kura ya ga na rungume jaka, ya ce, "Malam, ƙwai ne?" Na gaya masa wasan talabijin ne: mutum yana faɗawa rijiya ya koma jiya, don ya hana a kashe ɗan'uwansa.

"To in ya hana, me zai kai shi rijiyar? In bai shiga ba kuma, wa zai hana?"

Fasinjoji suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Tudun Wada. Mai gyaran rediyo ya kwance kaset ɗin, ya duba, ya mayar. Ya ce, "In na cire batirin, sunan ya tafi yanzu. In na bari, zai tafi da kansa."

Riruwai. Mun ratsa dajin Falgore, mun wuce Doguwa, na isa bayan la'asar wurin Iliya, abokin Habu da ya koya masa wasan. Ya ba ni tuwon masara, ya tada janareta. Sunan ya fito, mutumin cikin wasan yana tsaye bakin rijiya.

Iliya ya share ido. "Saura kaɗan ya ceto ɗan'uwan. Bari in ƙarasa masa, Yaya."

"In ka ƙarasa, inda ya tsaya fa?"

"Zai goge."

Na ce ya kashe na'urar. Shi ma bai san gyaran ba.

Washegari da azahar na shigo gida lafiya, na gode Allah, na gode wa waɗanda suka karɓe ni. Ladidi ta kunna. Sunan yana nan.

Mai karatu, in ka san wanda zai sauya batirin nan sunan bai goge ba, don Allah ka turo shi Bebeji da wuri.