Mutumin da Ke Rigana Zuwa Tasha

A shekarata ta biyu a jami'a, inda nake karatun aikin jarida, malaminmu na darasin rediyo ya ba mu aikin hutu. Ya ce kowa ya koma garinsu ya naɗo muryoyin jama'a a kan abin da ya fi damunsu. Lokacin mulkin soja ne, jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, man fetur kuwa ya yi ɓatan dabo. Ban sha wahalar zaɓe ba.

Na ari rakodar yayana, na sayi kaset da batir, na fara da tashar Gusau. Direbobi ba su da rowar baki. Kowa na son ya faɗi yadda ya kwana a layin mai ya tashi hannu rabbana. Ina cikin naɗa na lura da wani mutum siriri mai koɗaɗɗiyar shuɗiyar riga, zaune bisa benci yana ɓare gyaɗa. Ba ya ci, tara ta kawai yake a tafin hannu. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari Bungudu na yi niyya, sai na tarar motar Tsafe ce ta kusa cika, na faɗa ciki. Ko Inna ba ta san na canza hanya ba. A Tsafe na samu wani direba mai faɗin ƙirji da ya zage ya zagi gwamnati tas, 'yan uwansa na dariya. Ina kashe rakoda na ji murya a bayana.

"Ɗan makaranta, jiya ka mance ba ka tambayi mai baƙar hular nan inda suke samo mai ba."

Shi ne, da rigarsa ta jiya. Babu motar da ta wuce tamu a hanya, na tabbata, don duk ranar titin fayau yake. Direbobin suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da abin yi.

A Bungudu ma haka. Wani dattijo ɗan Nahuce ya fara ba ni labarin yadda hatsinsa ya kasa kaiwa kasuwa, sai ya tsaya a tsakiyar magana yana kallon bayan kafaɗata.

"Yaro, kashe abin ga," in ji shi.

Ban ma juya ba. Na san wanda zan gani.

Na yi ta tambaya. 'Yan kamashon Gusau suka ce mutumin Tsafe ne, na Tsafe suka ce daga Bungudu yake. Wani ya raɗa mini cewa ɗan leƙen asiri ne, wani ya ce taɓaɓɓe ne kawai. Wani tsohon mai faci ya dube ni ya ce, "Wanda bai tambayi sunanka ba, mi ya kai ka tambayar nashi?"

Na bar fita. Wata rana bayan la'asar na dawo daga masallaci na tarar da mai shuɗiyar rigar nan a zaurenmu, zaune da Baba, an ajiye masa kwanon fura.

"Ga malaminku ya zo duba aikinka," in ji Baba, yana ta murna.

Mutumin ya miƙo hannu, ni kuma na shiga ɗaki na ɗauko rakodar na ba shi, har yau ban san dalili ba. Ya saurari kaset ɗin tun daga farko, idonsa a rufe. Da aka zo kan direban Tsafe ya mayar baya, ya sake ji.

"Wannan ɗan 'Yankuzo ne," ya ce a hankali. "Uwarsa ba ta da lafiya."

Ya miƙo mini kayana, ya ce aiki ya yi kyau, Allah shi ba da sa'a. Ya yi wa Baba sallama ya fita. Furar ko taɓa ta bai yi ba.

Da safe na tafi Tsafe na samu direban yana wanke mota, na faɗa masa komai. Da fari ya yi dariya. Da na ambaci mahaifiyarsa sai ya ajiye bokitin, ya ce ko abokansa na tasha bai gaya wa ba.

Na koma makaranta na miƙa aikin bayan na goge muryar direban. Da na ba malaminmu labari, tashi ya yi ya rufe ƙofar ofis, ya ce kada in sake faɗa wa kowa.

Ba a kama direban ba, ba wanda ya ce masa uffan. Amma kafin damina ta faɗi ya mayar wa mai mota makullinsa, ya koma ƙauye noma. Bayan shekaru na gan shi a kasuwar Tsafe yana auna wake. Na yi masa sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba, ya ci gaba da awonsa.